Tseren Jakkai Cikin Albasar Baba Alu

Wurno, daren Laraba, watan Rajab, 1958

Ni na jawo ma kaina. Jiya a Sakkwato, bayan na sai da albasa, na shiga silima. Wasu samarin Turawa sun sace motocin iyayensu suna tsere, ga jirgin ƙasa tahe, ba mai taka burki! Wallahi sai da na tauna bakin hulata. Turancina na aji biyu bai kama komi ba, amma ihu na gane shi sarai.

Yau da sahe na hau turmi, na riƙe faifai kamar sitiyari, ina gwada ma ɗana Bello da abokanshi. Har kifewa na yi.

Da la'asar sai ga maƙwabcina Baba Alu riƙe da kunnen Bello. Ashe yaran sun yi tseren jakkai ta cikin fangalin albasarshi.

Na daka ma yaron tsawa: "Kai, mi yak kai ka?"

"Baba, jakin ba shi da burki."

Na sassauta murya: "To, wa yac ci?"

"Ni na!"

Baba Alu ya ji. Ya ce, "Ashe kai na babban direban."

Ɗana ya zo na ɗaya! Ni kuwa, daga gobe da asuba, jigon Baba Alu zan riƙa ja ina ban ruwa har fangalin ya farfaɗo.