Ranar da Karimatu Ta Kira Sunan 'Yarta a Kotu

Whitechapel, Landan
14 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, tare da fatan kina lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Ni da ƙanwata Karimatu lafiya lau muke, karatu na tafiya. Mijinta Lawal yana Kaduna har yanzu, kin san tun da arzikin man nan ya zo aiki ne ke neman mutane.

Ban rubuto da wuri ba don kada hankalinki ya tashi, sai yanzu da ƙura ta lafa. Kin san Karimatu ta kai 'yarta Ummi, takwararki, reno wurin wata tsohuwar Baturiya a Kent, kamar yadda ɗalibai ke yi a nan. To, tsohuwar ta kwanta asibiti, sai ta miƙa yarinyar ga ƙawarta ba da saninmu ba. Mun sha ganin matar a gidan, har shayi ta haɗa mana, amma tarbiyyarki ta hana mu tambayar babba sunansa, Anti kawai muke ce mata. Ashe ta ƙwallafa rai a kan Ummi, ta tashi daga unguwar da ita. Tsohuwar kuma ta kafe ba za ta tona ƙawarta ba, wai yarinyar ta fi jin daɗi a can.

Lauyan da muka gani ya ce shi ba ya ƙarar wanda ba shi da suna. Ni na zauna ina kuka. Karimatu kuwa, wannan da ko tayin albasa ba ta iyawa a kasuwa, ta yafa gyalenta ta nufi kotu ita kaɗai. Magatakarda ya zaunar da ita, ya ce tana iya shigar da ƙara da kanta a kan matar da ba a san sunanta ba, sannan ta roƙi alƙali ya tilasta wa wadda ta sani ta faɗa. Haka ta yi. Da aka sallami tsohuwar daga asibiti aka kira ta, aka rantsar da ita, nan take ta faɗi sunan matar da garin da ta koma.

Amma Susie tsohuwar ke ta kiran yarinyar, sai alƙali ya ce yana son sunanta na gaskiya. Na yunƙura zan amsa, ya ce daga bakin uwar yake so. Inna, 'yar fari ce, kuma sunanki ne, tun ranar suna bai taɓa fita daga bakin Karimatu ba. Ta miƙe, ta faɗe shi da ƙarfi, ta maimaita a hankali don su rubuta daidai, ko idonta bai ƙifta ba. Wallahi ji na yi kamar in rangaɗa guɗa!

Kotu ta aika, an dawo mana da Ummi. Tana nan tana ta zuba mana Turanci, uwarta kuma ta koma ce mata ke yarinyar nan. Karimatu ta ce in roƙa mata gafararki. Na roƙa, amma ni dai ban taɓa jin sunanki ya yi daɗi a bakin wani kamar ranar ba.

A gaishe da Baba, da Kawu Almu, da Yaya Nata'ala da iyalinsa.

Ni ce 'yarki,
Murja