Yadda Baba Ya Amsa Gaisuwar Asuba

Gyadi-Gyadi, Kano.
9 ga Fabrairu, 2019.

Yaya Mu'azu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Anti Habiba da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan sai godiya.

Na ɗauki biro ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka ce an gaya maka akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, amma ina tsaye aka hana Baba. Gaskiya ne, ina tsaye. To ka ji yadda aka yi.

Ranar Laraba da hantsi kofin koko ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace, magana ta ƙi fita. Muka sa shi a adaidaita, ga 'yan kamfe sun cika titi. A asibiti, Dakta Obiefuna, haifaffen Kano wanda Hausarsa ta fi taka, ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Nan take ya tura mu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da ake kira siti, domin shi ne mai sauri, shi ke nuna ko jijiya ce ta fashe. Hoton ya fito babu jini, toshewa ce ke nan. Ya ce allurar za ta yi aiki idan ciwon bai wuce 'yan awoyi ba. In kuwa ya kwana, ita kanta za ta iya ɓalle jini a ka, a rasa mutum.

Sai ya tambayi Inna yadda Baba ya tashi. Ta ce garau, ai da asuba ta gaishe shi ya amsa mata lafiya lau. Har an aika a kawo allurar. Yaya, gabana ya faɗi. Wane Bahaushe aka taɓa yi wa ina kwana ya ce bai kwana lafiya ba? Balle Baba!

Ana cikin haka Malam Lawan, abokin sahunsa a masallaci, ya iso. Ya ce tun da bai gan shi a sallar asuba ba ya san da matsala. Nan Inna ta tuna a zaune ya yi sallar a ɗaki, kuma da hagu ya karɓi buta.

Likitan ya dafe kai. Ya ce siti ba ya iya faɗin yaushe ciwon ya fara, sai wani hoton da ake kira emarai, shi kuma yana cin lokaci. In ciwon sabo ne, jiran zai iya cinye damar. Inna ta dube ni, wai ni na yi boko, in zaɓa. Na zaɓi emarai. Aka kai shi wata cibiya a Tarauni. Ina waje ina jin na'urar tana bugawa kamar maƙera, ina tambayar kaina ko ni ce nake rufe bakin Baba da hannuna.

Hoton ya nuna tun cikin barci abin ya same shi. Aka fasa allurar.

Kada ka zaci na ji daɗi. Na yi kuka har na gaji. Sai dai ina roƙonka, in ka kira Inna ka daina tambayar ta me ya sa ba ta lura ba. Ta daina cin abinci.

Ka gaishe min da kowa.

Ƙanwarka,
Naja'atu.

Gyadi-Gyadi, Kano.
27 ga Fabrairu, 2019.

Yaya Mu'azu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso, kuma na haƙura. Ni ma da ina nesa haka zan yi faɗa.

An sallamo Baba. Hannun dama bai dawo ba, ƙafar dai tana ɗan jawuwa. Likitan ya ce kada mu sa rai da yawa a kan magana, abin da ya dawo mu gode.

Ka ce sai hutun Sallah za ka samu zuwa. Ba zan matsa maka ba, amma ga abin da ya faru jiya. Ina ba shi kunu sai ya kafe ƙofa da ido, bakinsa yana rawa, ya daɗe yana fama. Ka san kai ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba, kullum sai dai "yaron nan". Jiya ya faɗa sarai, har Inna ta saki tsintsiya a tsakar gida. Mu'azu. Ita ce kalmarsa ta farko, kuma har yanzu bai ƙara wata ba.

Ka taho, Yaya.

Taka har kullum,
Naja'atu.