Mai Tare Iska

Dubai,
23 ga Fabrairu, 2019.

Zuwa ga Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya jikin Kaka, ya ƙafar tata? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, Baba da Mama da ƙaninmu Musbahu duk suna gaishe ki. Na rubuto a takarda na ba yaron Kawu Mijinyawa da zai zo Kano ne, don na san duk saƙon muryar da na turo a ɗakin Kaka kike buɗe shi, kuma kin san nauyin bakina.

Labarin wani mutum nake so in ba ki. Wata ƙungiyar 'yan tseren keke ta ajiye kayanta a siton su Baba da ke unguwar Al Quoz, saboda tseren da za a yi makon nan. Yau na bi Baba wurin aiki, ina zaune a lungu ina aikin makaranta, sai ga wani siririn Bature ya zo duba kekensa, gwiwoyinsa duk tabo. Sunansa Toby, ɗan Ostareliya ne. Ya gaishe ni na kasa ɗaga kai. Baba ne ya yi ta jan sa da hira, ni kuwa na kasa kunne.

Yaya, shekararsa goma sha biyu a sana'ar nan, bai taɓa cin tsere ko ɗaya ba. Ba don bai iya ba, wai ba aikinsa ba ne ya ci. A kowace ƙungiya mutum ɗaya ake so ya zo na farko, shi ne jagora, sauran hidima suke masa. Toby ne ke shiga gaba ya tare masa iska, don wanda ke baya ba ya shan wahala kamar na gaba. Shi ke komawa wurin motarsu ya cika rigarsa da gorunan ruwa, ya sake kamo 'yan uwansa ya raba musu. In tayar jagora ta fashe, tasa zai cire ya ba shi. Da na faɗa wa Kawu Mijinyawa sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai ashe Turawa ma suna da ɗan garuwa, sai dai nasu da hular kwano. Ni ban ga abin dariya ba.

Baba ya tambaye shi ko abin ba ya damunsa. Ya yi murmushi ya ce dole wani ya yi, kuma an yi masa alkawari wata rana za a bar shi ya gwada sa'arsa. Wata rana! Tun ɗazu maganar nan ta tsaya mini a rai.

Me jami'a ta ce game da gurbinki? Kin daina ambatarsa. Ki gaishe mini da Kaka.

Ƙanwarki,
Najiba.

Dubai,
3 ga Maris, 2019.

Yaya Barira,

Sallama da gaisuwa. Ina fata ku duka kuna lafiya, kuma Kaka tana samun barci. Ki yi haƙuri da rubutuna, cikin haushi nake yin sa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baba ya kai mu hanyar Al Qudra kallon tseren. Iska tana ta kwasar yashi tana watsa mana a fuska. Can sai ga mutum uku sun ɓullo, sun bar kowa a baya nesa, kuma Toby na cikinsu, shi ne ma a gaba. Wani mutum kusa da mu yana kallo a wayarsa, ya ce saura kaɗan, da wuya a kamo su. Musbahu yana ta tsalle yana ihun yalla Toby, wato maza Toby. Ni ma na yi ihu, Yaya. Ni, a bainar jama'a.

Daidai gabanmu sai ya sa hannu a kunne, ya waiga, ya daina tuƙi. Biyun suka wuce suka bar shi. Ashe kowannensu akwai wani ɗan abu a kunnensa da shugabansu ke musu magana ta ciki daga mota. Iska ce ta raba ayarin, jagoransu ya maƙale a baya, shi ne aka ce Toby ya tsaya ya jira shi. Kuma ya tsaya! Ya shanye ruwansa ya wurgo gorar gefen titi, yadda suke yi wa 'yan kallo, ta gangaro har ƙafata. Da jagoran ya iso sai Toby ya shige gabansa ya ja shi, har suka kamo na gaba.

Jagoran ne ya ci. Aka ba shi furanni, ya gode wa matarsa, ya gode wa ƙafafunsa. Sunan Toby bai fito daga bakinsa ba. Toby kuwa cikin 'yan ƙarshe ya shigo, da yashi har cikin gira.

A mota na kasa shiru, na ce wannan ai zalunci ne. Baba ya ce haka aikin yake, wani sai ya jira. Sai na ji kamar an mare ni, don na taɓa jin maganar nan daga bakinsa. Watan da aka ba ki gurbin karatun haɗa magunguna, Kaka ta faɗi ta karye, mu kuma ana shirin kawo mu nan. Baba ya ce ke ce babba, ki jira shekara ɗaya. Ga shi muna cikin ta biyu. Baffa Sanda yana nan Kano, Gwaggo Halima tana nan Kano, kowa da uzurinsa, ke kaɗai ce ba ki da uzuri. Ni kuma ina nan ina shan sanyin aji.

Maganarki kam ban iya ɗauko wa Baba ba. Kin san ni. Gorar dai na wanke na ajiye.

Taki,
Najiba.

Dubai,
18 ga Oktoba, 2019.

Yaya Barira,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Kaka ma haka. Saƙonki ya same ni, kuma ki gafarce ni, ya ɓata mini rai. Kin ce ba wanda ya tilasta miki, kin ce lada kike samu. Na yarda akwai lada. To su Baffa ba sa son ladan ne? Sannan a can ƙasa, kamar ba komai ba, kika ce jami'a ta ce in ba ki yi rajista kafin ƙarshen Nuwamba ba gurbin ya tafi, ba sauran ɗagawa. Kuma wai kar in faɗa wa Baba, kar a ɗaga masa hankali. Irin murmushin Toby kika yi mini, na gane shi.

Na faɗa masa. Ga yadda aka yi.

Shekaranjiya muna cin abinci, Kawu Mijinyawa ma ya zo daga kasuwar Murshid Bazaar, sai saƙo ya shigo wayar Baba. Toby ne, don sun ci gaba da gaisawa. Ƙungiyarsa ta sallame shi. Sun ce shekarunsa sun ja, kuma da suka duba ba su ga ya taɓa cin komai ba. Su da suka hana shi ci! Baba ya ajiye cokali, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka a kan baƙo ba. Ya ce an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Ya ce duk wanda ya ce wa mutum ya jira, to haƙƙin jiran nan yana wuyansa har gaban Allah. Kawu ma bai yi dariyar ɗan garuwa ba.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, to Yaya Barira fa?"

Mama ta ce khalas, ya isa Najiba, ci abincinki. Ban ci ba. Idona na kan faranti na faɗi maganar Nuwamba, na faɗi sunan Baffa da na Gwaggo. Baba ya tashi ya ɗauki makullin mota ya fita. Har yanzu in na gaishe shi amsawa kawai yake yi.

Na ci amanarki, na sani. Ki yi fushi da ni in kina so, ni ma fushin nake da ke. Da za a maimaita, zan sake faɗa.

Ƙanwarki,
Najiba.

Dubai,
2 ga Nuwamba, 2019.

Yayata Barira,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya jikin Kaka? Wannan takarda a hannun Mama za ki karɓe ta, ke nan kin riga kin ga rabin labarin.

Bayan waccan rana na ji Baba a baranda yana waya da Baffa Sanda, muryarsa har ƙasan bene. Ya ce uwarsu ce su uku, ba uwar Barira ba. Ya ce karɓa-karɓa za a yi, kowa ya shiga gaba ya sha tasa iskar. Wallahi haka ya faɗa, ina jin Baffa bai ma gane wace iska ba. Mama za ta fara zama da Kaka har ƙarshen zangon farko, sai gidan Baffa, sai Gwaggo. Ni kuma girki da Musbahu sun dawo hannuna. Ya riga ya fara ƙorafi wai tuwona ya yi kama da siminti.

Ni Baba bai ce mini komai ba sai jiya, da na kai masa shayi. Ya dube ni ya ce, "Ke wa ya koya miki baki?" Na ce shi. Bai yi dariya ba, amma ya ce in zauna.

Toby ya koma garinsu, yana gyaran kekuna a shagon wani. Ba zai taɓa cin tseren nan ba, an gama. Wannan ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Gorarsa tana cikin jakar Mama, ƙarƙashin magungunan Kaka. Ta ɗan ƙuje a gefe ɗaya amma ba ta yoyo. Ki cika ta ki tafi da ita wurin rajista ranar Litinin, an ce layin yana da tsawo. Kuma Yaya, na san halinki. In kina hanya wani ya kira ya ce ki ɗan tsaya ki jira, ko wane ne, ko ni ce, ki cire abin kunnen ki ci gaba da tuƙi.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Najiba Labaran.