Kabarin da Babu Kowa a Ciki

Tsibirin Amorgos, farkon bazara.

Zuwa ga maigidana Nikandro,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ina fatan kana lafiya a duk gaɓar tekun da takardar nan ta same ka. Mu nan ƙalau, sai Inna, mahaifiyarka, da ciwon ƙirji ya sa a gaba.

Shekara bakwai ke nan da jirginku ya ɗauki man zaitun zuwa Masar. Tsattsewa sun sake dawowa sheƙarsu a ƙarƙashin rufinmu. Ka tuna tsiyar da kake mini? Babana ya ce ya raɗa mini Kelidona, wato tsattsewa, don tsuntsuwa ce da ba ta manta gida. Kai ka ce ina, saboda surutu ne. To surutun ya ƙare, babu wanda zan yi wa.

Ga damuwata. Inna ta kafe sai an yi maka kabari ba gawa, a kira sunanka sau uku a bakin teku, in yanke gashina in aza a kan kabarin. Wai in ba haka ba kurwarka za ta yi ta gararamba, ko ita Inna ta mutu ba za ku haɗu ba. Na ƙi. Haba Nikandro, ko saƙon baki ka aiko mana!

Matarka,
Kelidona

Amorgos, bayan girbin inabi.

Maigidana,

Ina gaishe ka, yaya jikinka? Ka yafe mini, na yi abin. Inna ta ƙaurace wa abinci kwana huɗu, zuciyata ta kasa. Na yanke gashin. Sau biyu na kira ka, na uku murya ta ƙi fita, ƙaninka Doriyo ya ƙarasa. Bayan kwana tara Inna ta rasu, hankalinta kwance. Gidan ya yi mini faɗi.

Yanzu a garin nan matacce ne kai. Ka san al'ada: wanda aka yi wa jana'iza ya dawo, ba mai gaisawa da shi, ba ya shiga ɗaki, sai an yi masa wanka an naɗe shi a zani kamar jariri. Na san girman kanka, kada kunyar wannan ta hana ka dawowa. Ni zan yi maka, a bayan gida, ba idon kowa. Zanen na gama saƙa shi, har na ƙara kamu ɗaya ko ka yi ƙiba. Ruwan wankan kuwa kowace safiya nake ɗebo sabo.

Taka har yanzu,
Kelidona