Rabin Aski

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikoki. Ya ciwon gwiwar?

Kin ce an gaya miki ko ƙwarzane ban yi ba ranar da bam ya tashi a layinmu. Gaskiya ne. Kowa cewa yake in gode wa Allah, ina kuwa godewa. Sai dai wata uku ke nan ban buɗe shago ba.

Abin da ba a gaya miki ba shi ne, abokin cinikin nan nawa da muke kira Direba yana kan kujerata a ranar. Shekara ashirin ina yi masa aski, yana tsokanata wai hannuna ya tsufa. Na aske ɓangaren dama, wuta ta ɗauke. Na ce ya fita bencin waje ya sha iska, ni kuma na zagaya baya in tayar da janareta. Ina jan igiya abin ya tashi. Bango ya kare ni. Shi babu abin da ya kare shi.

Yanzu ko murfin tukunya ya faɗi sai in tsinci kaina a tsugune, tsofai-tsofai da ni.

Duk Laraba ma'aikatan lafiya suna tara mu a wani aji, mu zauna a da'ira kan kujerun yara. Takardarsu gida biyu gare ta, na masu rauni da na waɗanda aka yi wa rashi. Malamar da ke jagorantar zaman ta juya ni ta juya takarda, ta rasa inda za ta saka ni, ta rubuta ni a gefe. Ta koya mana jan numfashi, abin da na shekara saba'in ina yi ba malami.

Matar Direba na zuwa. Ba ta san fuskata ba. Ta ce wanda ya dasa bam ba ta san shi ba balle ta tsane shi, amma wanzamin da ya kori mijinta waje da rabin kai, shi ba ta yafe ba. Laraba mai zuwa ni ke da magana. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Wanzami

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa, na ga saƙonki, na kuma bi shawararki. Na faɗi komai a zaman Laraba, tun daga ɗaukewar wuta har igiyar janareta.

Matar Direba ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Baba, da ka bar shi a kan kujerar fa?"

Na ce da yana nan.

Ta ɗauki 'yar kujerarta ta koma can bakin ƙofa. Malamar ta dafa ni, ta ce na yi ƙoƙari, ta rubuta a gefen takarda cewa na samu ci gaba.

In kin san mai son injin aski da janareta, ki turo shi.

Yayanki,
Wanzami