Akwatin Fensirinki da Ƙararrawar da Ta Daina Kaɗawa

Zuwa ga 'yata ta kaina,

Sallama da fatan alheri a gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin rufinku. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ke da maigidanki da jikata Mai Giɓi, Ya ƙara muku kwanciyar hankali, Ya tsare ku daga sanyin nan da kike ba mu labari. Mu nan lafiya lau. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi tun da ta daina musu da likita, har ta koma hawa bene ba tare da ta tsaya a tsakiya tana tsine wa wanda ya gina shi ba. Gwaggonki ta zo ta yi mana kwana uku, ta sake jera kayan kicin yadda har yau ban san inda cokali yake kwana ba. Shagon walda yana nan, aiki yana shigowa daidai gwargwado. Idanu dai sun ƙara tsufa, amma hannu bai fara rawa ba tukuna.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kowace Asabar. Maganar da ke bakina ce ba ta faɗuwa a waya, domin da na fara sai mahaifiyarki ta karɓe ta ƙarasa mini yadda ta ga dama. Maganar Mai Giɓi ce. Asabar tara ke nan a jere ba ta zo gaban waya ba. Yau ki ce tana aikin makaranta, gobe ki ce tana wasa a maƙwabta. Ni na haife ki, na san muryarki in kina rufa-rufa. Yarinyar nan fushi take yi da ni, kuma abin yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa.

Bari in tuna miki yadda aka yi. Kin san duk Turancin da na mallaka a duniya kalma biyu ne, yes da no. Da can duk abin da ta faɗa sai in yi murmushi in ce yes, muna zaune lafiya, har ranar da kika yi ta dariya kika ce ta tambaye ni ko shekaruna ɗari biyu ne, na amsa mata da yes. Na ba wa mai faci, maƙwabcin shagona, wannan labari. Shi kuwa kin san shi, tun da ya taɓa yi wa wani baƙo facin taya yake ɗaukar kansa tafinta. Ya ce na yi ganganci, wata rana za a tambaye ni ko na yarda a sayar da gidana in ce yes. Ya ce mai hankali in bai gane magana ba no yake cewa, domin no ba ta taɓa jawo wa kowa asara ba. Na ga kamar akwai hikima a ciki, na ƙudura a raina Asabar mai zuwa zan gwada.

Asabar ta zo, na kuma manto tabarau a shago. Ta zo gaban waya riƙe da wani abu shuɗi da hannu biyu, ta yi magana mai tsawo a hankali, tana maimaita wasu kalmomi. Na washe baki na ce no. Ta sake faɗa, na sake cewa no. A karo na uku har da girgiza kai na haɗa, don ta ga kakanta ya ci gaba. Sai na ga ta dube ki, ta juya da gudu. Kika ce ba komai, rigimar yara ce. Tun ranar nake tambayar kaina me na hana ta, ban sami amsa ba.

Shi ya sa na yi abin da ban taɓa zato ba ina da shekara sittin da uku: na shiga aji. Wani ɗaki ne a saman kantin magani, ana hawa ta wani siririn bene da ƙarfen dafawarsa yake lilo, har sai da na kawo injina na liƙe musu shi a rana ta biyu. Mu goma sha ɗaya ne, da direbobi da masu kanti da wata unguwarzoma, muna zama a kujerun yara gwiwoyinmu na taɓa haɓa, sau uku a mako bayan an tashi daga aiki. Malamar ba ta kai ki shekaru ba. Na gaya mata ni buƙatata kaɗan ce, so nake in iya hira da jikata. Ta ce na zo daidai wurin, domin littafin da take koyarwa da shi a kan abubuwan da Amurka ta shahara da su ne, tutarsu da tsuntsunsu da gunkinsu, kowanne da labarin asalinsa. Ta ce kalmar da ta zo da labari ba ta guduwa daga kai. Na ce to, tunda can jikata take, wataƙila irin hirar da yaran can suke yi ke nan.

'Yata, tun ranar kaina yake ɗaure. Mako na farko aka kawo hoton mikiyarsu, aka ce sunanta mai sanƙo, alhali ga kanta nan cike da farin gashi. Ni da nake da sanƙon gaske sai na shafa kaina. Mako na biyu aka kawo wandon nan shuɗi mai kauri, aka ce asalinsa na 'yan ƙwadago ne, har ana buga masa ƙananan ƙusoshin tagulla a bakin aljihu don kada ya yage. Wannan na yaba, aikin hankali ne. Sai unguwarzoma ta ce ai yanzu yagagge ake saya da gangan, ɗanta ma yana da biyu. To me aka yi ke nan? Mako na uku aka kawo matar nan mai ɗaga fitila a bakin teku. Aka ce kyauta ce daga Faransa, a gutsuttsure aka kawo ta cikin akwatuna aka harhaɗa, kuma da tagulla aka yi ta. Na ɗaga hannu na ce in tagulla ce me ya sa take kore. Malama ta ce iska da ruwa ne suka mayar da ita haka. Na ce wannan na sani, sana'ata ce, abin da nake tambaya shi ne wa aka ɗora wa alhakin gogewa ya ƙi gogewa. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa da gaske nake.

Na wayi gari na iya copper, na iya eagle, na iya gift, wato tagulla da mikiya da kyauta, amma ban iya cewa yaya kika kwana ba. Wata rana na dawo gida na zauna na jera kalmomin a takarda ina neman yadda zan haɗa su su zama ban-haƙuri, suka ƙi haɗuwa. Mahaifiyarki ta leƙa ta ce in dai da mikiya da tagulla zan lallashi yarinya 'yar shekara bakwai, to in nemi kujera mai taushi, zan daɗe. Na so in daina zuwa. Abin da ya hana ni kawai shi ne ba na so mai faci ya ji.

Sai makon jiya aka kawo ƙararrawa. Wata babbar ƙararrawa ce da suke ji da ita, an ajiye ta mutane suna zuwa kallo, ga tsaga a jikinta ta taso daga baki ta yi sama. Malama ta ce ta daɗe da daina kaɗawa, ta rubuta bell da crack a allo, wato ƙararrawa da tsaga. Na ce cikin raina to ga wata kuma, ƙasa guda an rasa mai gyara. Da hoton ya zagayo hannuna na sa tabarau na duba da kyau, sai na ga abin da ya sa na miƙe tsaye ban sani ba. Na ce wa Malama wannan faffaɗar tsagar ba ƙarfe ne ya yi ta da kansa ba. Ƙarfe in ya tsage siriri yake yi, ya bi inda ya ga dama. Wannan kuwa gefenta da alamun huji a jere, ga kuma ƙusa sama da ƙasa. Hannun mai gyara ne. Wani ne ya bi tsagar yana hudawa yana faɗaɗa ta, don kada leɓɓan biyu su riƙa gogar juna in an kaɗa, don kuma ta tsaya inda take. Malama ta ce ba ta taɓa lura ba. Ta duba a wayarta, ta ɗago tana kallona, ta ce haka ne, an yi ƙoƙarin gyara ta, sai wata siririyar tsaga ta sake ɓullowa ta kashe muryar gaba ɗaya. Direbobi suka yi mini tafi. Ni kuwa tausayin mai gyaran nan ne ya kama ni, domin na san takaicin da ake ji in ka yi duk abin da ka sani ƙarfe ya ƙi.

Daga nan ta ce tunda na kawo maganar bari ta ƙara mana kalma biyu da ba sa cikin darasin. Ta rubuta broken, ta ce abin da ya karye ko ya lalace. Ta rubuta fix, ta ce gyarawa. Ta sa muka maimaita sau uku. A na ukun ne na tuna na taɓa jin kalmomin nan biyu a jere, sau uku, daga bakin da babu haƙoran gaba. Ina zaune a kujerar yaran nan sai abin shuɗin ya dawo mini a ido, tsawonsa da faɗinsa da yadda murfinsa yake reto ta gefe guda. 'Yata, akwatin fensirinki ne ko ba shi ba? Wanda na yi miki da ragowar farantin ƙarfe lokacin da za ki shiga aji uku, na shafa masa fentin da ya rage daga ƙofar wani, kika ƙi rabuwa da shi har kika sa shi a jakarki ranar tafiya? In shi ne, to ga yadda na fahimci abin: ta karya shi, tsoro ya kama ta, kika ce mata kakanta ne ya yi shi kuma babu abin da ba ya gyarawa, ta tattaro ƙarfin hali ta zo ta tambaye ni. Ni kuma na dube ta ina dariya na ce no har sau uku.

Ban ji sauran darasin ba. Na sauko na tsaya a ƙofar kantin magani na rasa hanyar da zan bi, har mai kantin ya fito yana tambaya ko jiri nake ji. Shekara arba'in ina wannan sana'a ban taɓa mayar da wanda ya kawo mini abu a karye ba tare da na karɓa na jujjuya shi a hannu ba. Sai ga shi ta farko da na kora jinina ce. Abin da ban gane ba har yanzu shi ne dalilin da ya sa kika ɓoye mini. Kunyata kika ji, ko tsoro kika yi kada in ji ciwon akwatin ya karye? In na biyun ne, ki sani ƙarfe ne, don a yi amfani da shi na yi shi. In kuma duk lissafin nan nawa kuskure ne, wani abu ne dabam ta riƙe, to ki taimaka ki gaya mini, domin na gaji da zato.

A cikin ambulan ɗin nan za ki ga wani ɗan ƙyalle a ɗaure. Hinji ne ƙarami na tagulla, wanda zai riƙe murfin akwatin, da ƙusoshinsa huɗu, na yi shi shekaranjiya. Ban buƙaci awo ba, hannuna bai manta ba. Kada maigidanki ya ɗaura, kada ke ma ki ɗaura. Ranar Asabar ki zaunar da ita a teburin cin abinci da akwatin da ƙaramin sukudireba, ki jingina wayar yadda zan ga hannunta. Zan sa tabarau tun da safe, na ma ɗaura masa igiya a wuya. Ni zan nuna mata da nawa hannun daga nan, ita za ta murɗa daga can. Malama ta tsara mini wata doguwar jimla mai kyau, na yi kwana biyu ina fama da ita tana zamewa, sai na roƙe ta ta rage mini daidai bakina. Yanzu kalma huɗu ce: Yes, we can fix, wato e, za mu iya gyarawa. Ina faɗa a shago, ina faɗa a hanya, har mai faci ya fara tambaya ko wani sabon ciniki na samu.

Roƙona ɗaya a gare ki: in na faɗa, ko da ya fito a karkace, kada ki fassara mini. Ki bari ta ji daga bakina. In ta ƙi zuwa gaban wayar, kada ki tilasta mata, ki ajiye hinjin kusa da akwatin inda za ta gani, ni zan jira wata Asabar ɗin.

Mahaifiyarki tana gaishe ku, ta ce a gaya wa maigidanki ya rage aiki ya ƙara barci. Gwaggonki da kawunki da ƙannenki duk suna miƙa gaisuwa. Mai faci ma ya ce a gaishe ku, na ce zan yi tunani. Ki shafa mini kan Mai Giɓi, ki duba mini ko haƙoran sun fara fitowa, domin mako tara ba kaɗan ba ne a bakin yaro. Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
wanda ya ce no sau uku, alhali ko sau ɗaya bai nufa ba.