Ruwan da Ka Sa Aka Buɗe wa Dabinon Mahaifiyarka

Daga Abul Khasib, kudu da Basra

Zuwa ga ɗana Muhannad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Shaza da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku sanyin ƙasar da kuke. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan yadda ka san ta, gwaggonka Bushra ta samu sauƙin idonta, matar Karrar ɗan baffanka kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Na zaɓi alƙalami ne don in na kira ka a waya zan faɗi abin da uba bai kamata ya faɗa wa ɗansa ba. Na karanta bayanin aikinka da ka aiko, kuma kada ka ɗauka ya fi ƙarfina. Na gane cewa zafin rana yana dumama siririyar iskar da ke can saman duniyar Mars, ta kumbura ta tashi, in rana ta juya ta sake kwantawa, kumburin yana bin rana yana zagaya duniyar kamar cikowar teku, sai dai rana ce ke jan sa, ba wata ba. Na gane kuma in guguwar ƙura ta tashi abin yana ƙaruwa. Kafin a haife ka ina jami'a ina auna irin wannan hawa da sauka a iskarmu ta nan, har aka karɓe min na'ura aka miƙa min bindiga, na dawo na ƙare rayuwata ina koya wa yara lissafin da ba sa so. Saboda haka ba jahili ke yi maka faɗa ba.

Abin da ban gane ba shi ne yadda mutumin da ya san lokacin da iska ke cikowa a wata duniya bai san abin da ke cikowa a rafin gidansu ba. Ina kwance a asibiti ka kira Karrar, ka ce masa ka ga hoton gonar, dabino ya yi yaushi, don haka ya je ya fasa toshiyar bakin rafi ya bar cikowar kogi ta shiga kamar yadda kakanninmu suke yi. Karrar ya ce maka ni ne na toshe da hannuna. Ka yi dariya ka ce tsoho ya fara rikicewa, ai tun duniya na kwance cikowa ke shayar da dabinon Basra kyauta safe da yamma. Shi kuma sakaran ya ce a ransa wa zai yi musu da Dakta, ya ɗauki shebur.

Gaskiya ne, da kana yaro teku yana turo ruwan kogi mai daɗi cikin rafuffukanmu, kuna iyo a ciki. Amma kogin ya rame, an tare shi daga sama, yanzu tekun da kansa ke shigowa. Zartsi ka sa aka shayar da dabinon, Muhannad. Dashen dabino irin barhi da mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta, ta yi a shekararta ta ƙarshe, wanda nake sayen ruwan tanka ina ba shi kamar jariri, rabinsa ya ƙone, ƙasar ta yi fari fat. Alhaji Sabti maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga ya tambaye ni ko gishiri muka koma nomawa, wai in gaya wa Dakta ya taimaki mutanen Mars kada ya ba su shawarar ban ruwa. Na ce masa ya kula da akuyarsa, amma wallahi ban sami amsar da ta fi wannan ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, jiya Karrar ya ce ka sake kira, wai a ƙara buɗewa ruwa ya wanke gishirin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da ba ka yarda da magana a kan Mars sai na'ura ta je ta auna, gonar ubanka ce kaɗai za ka yanke wa hukunci da tunanin yarinta? Na mayar da toshiyar, na kuma ƙwace shebur ɗin. Sauran dashen na iya rayuwa in aka bar ni da su. Gonar taku ce bayan raina, ban musa ba, amma muddin ina numfashi ba mai taɓa bakin rafin nan da umarnin waya.

Bana ba dabino a cikin saƙon da ɗan Alhaji Sabti zai kawo maka. Kwalba ce na cika daga rafin lokacin cikowa. Kada ka kai ta ɗakin gwaji. Ka kurɓa, sannan ka kira ni.

Ka gaishe min da Shaza, ka shafa min kan Yusur da Haidar, ka ce musu kakansu ba da su yake fushi ba. Bushra tana gaishe ka, ta ce in sassauta, ban sassauta ba. Karrar ma yana gaisuwa, kansa a ƙasa.

Mahaifinka,
Jabbar Khudayyir